Aikin ido: a gane tukuna, sannan a sa hannu

A garuruwa da ƙauyukan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso akwai dattawa da yawa waɗanda ganinsu ya dushe. Wasu sun daina zuwa gona. Wasu sai da ɗan jagora suke zuwa masallaci ko kasuwa. Da yawa daga cikinsu za su iya samun ganinsu in an yi musu aiki. Ana aikin ido a manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa. Wani lokaci kuma likitoci suna fitowa gundumomi, su yi kwanaki suna yi wa jama'a aiki kyauta.

Kafin a shiga da mutum ɗakin aiki, ana miƙo masa wata takarda. Ana ce masa ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa. Sunanta takardar yarda. Mutane da yawa suna dangwalawa ba su san abin da ke ciki ba. Wasu kunya ke hana su tambaya. Wasu tsoro suke ji kada likita ya yi fushi ya ba wani wurinsu. Daga baya, in abin bai zo yadda sunka zata ba, sai ɓacin rai, sai a ce asibiti ta ɓata ido. Maganar ta bazu cikin gari. Masu ciwon da ke warkewa su ji, su ƙi zuwa, su zauna cikin duhu a banza.

Mece ce yarda?

Ido na mai shi ne. Likita yana da sani, yana da kayan aiki, amma ba shi da ikon taɓa idon mutum sai da izininsa. Wannan ƙa'ida ce ta aikin likita a duniya duka. Tun shekarar 1914 wata kotu a Amurka ta yanke cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon faɗin abin da za a yi da jikinsa.

Yarda ta gaskiya tana tsaye bisa abu uku.

Na farko, bayani. Likita ya faɗi sunan ciwon, da aikin da zai yi, da amfanin da ake fata, da haɗarin da ke ciki, da sauran hanyoyin da za a iya bi.

Na biyu, ganewa. A yi bayanin da harshen da majinyaci ke ji, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, a hankali, har ya shiga kunnensa.

Na uku, son rai. Kada kowa ya tilasta masa, likita ko ɗa ko miji ko mai gari.

In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, tawadar da ke bisa takarda ba ta cika yarda ba.

Wata shari'a a ƙasar Ostiraliya

Wata mace a Ostiraliya ta ji ciwo a idon dama tun tana da shekara 9. Idon ya kusa mutuwa, amma na hagu lafiya lau, da shi take harkokinta. Bayan kusan shekara 40, wani likitan ido ya ce zai iya gyara na daman, ya yi kyan gani, watakila ma ya ƙara haske. Matar ta yi ta tambayoyi. Ta nuna damuwa ƙwarai kada wani abu ya sami idonta mai lafiya. An yi aikin a 1984.

Likitan ya yi aikinsa yadda ya kamata, hannunsa bai kuskure ba. Amma akwai wani kumburi da kan kama ido mai lafiya bayan an yi wa ɗan'uwansa aiki. Abu ne mai wuyar faruwa, a kotu an ce wajen sau 1 cikin 14,000. Likitan bai faɗa mata ba. Kumburin ya kama idon hagu, na dama kuma bai gyaru ba. Matar ta kusa makancewa gaba ɗaya.

Wasu likitoci sun ba da shaida cewa su ma da ba su ambaci haɗari ƙarami haka ba. A 1992 babbar kotun ƙasar ta ba matar gaskiya. Kotu ta ce dole likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani in yana cikin halin majinyacin, da duk wanda likita ya lura wannan majinyacin ya damu da shi. Ga mai ido ɗaya, haɗarin rasa idon nan babban abu ne ko da lissafinsa kaɗan ne. Ita ce ke da ikon auna shi, domin ita za ta zauna da sakamakon.

Ciwon ido iri-iri ne, aikin ma haka

Babban abin da ke kawo ɓacin rai shi ne zaton cewa duk aikin ido yana buɗe gani. Ga ciwo uku da anka fi yi wa aiki, kowane da abin da aikinsa ke iya yi.

Yanar ido. A cikin ido, bayan baƙin ido, akwai wani ɗan madubi mai haske kamar ruwa. Da shi ido ke tattara haske. In shekaru sun ja, madubin nan yakan yi fari. Mutum ya fara gani kamar cikin hazo, har ya kai ba ya gane fuska. Yanar ido ce ta fi kowane ciwo makantar da mutane a duniya. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da ita. Likita yana kashe zafin ido da allura a gefensa ko da maganin ɗigawa. Majinyaci yana farke, amma ba ya jin zafi. Likita ya yi ɗan yanka ƙarami, ya fitar da madubin da ya yi fari, ya sa na roba mai haske a madadinsa. An fara sa irin wannan madubi a birnin Landan a 1949. Ba a fitar da ƙwayar ido waje, kamar yadda wasu ke faɗi. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. Washegari a buɗe bandeji. Mafi yawan mutane suna gani. Amma in jijiyar gani ko bayan ido sun riga sun lalace, misali saboda ciwon sukari, ganin ba zai cika ba ko da an cire yanar. Likita ya faɗi wannan tun kafin aiki.

Hawan jinin ido. Likitoci suna ce masa gilokom. Ruwan da ke cikin ido ne ke rasa mafita, ya matse jijiyar gani, ya kashe ta sannu a hankali. Sau da yawa babu zafi. Gani yana raguwa daga gefe-gefe har ya ƙare. A aikin, likita yana buɗe wa ruwan ƙaramar hanya don matsin ya sauka. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Amfanin aikin shi ne tsare abin da ya rage. Wani ma ganinsa kan ɗan dushe na makonni bayan aiki. Wanda bai san haka ba zai ce an cuce shi, domin maƙwabcinsa mai yanar ido ya dawo yana gani, shi kuwa ya dawo yadda ya tafi. Alhali aikin ne ya hana shi makancewa.

Amadari. Ciwon nan in ya yi ta kama mutum tun yana yaro, fatar ido takan tamuke ta ciki. Gashin ido ya juya, ya riƙa gogar baƙin ido kamar ƙaya. Ya fi samun mata. Aikinsa a fatar ido ake yi, ba a shiga cikin ido. Ma'aikacin lafiya da anka horar yana iya yin sa a asibitin ƙauye cikin wajen minti 20. Zafi da hawaye suna tsayawa, ido ya huta. Amma in gashin ya riga ya sa hakiya, farin tabon nan ba ya gogewa da wannan aiki. Kuma ga wasu gashin yakan sake juyawa, sai an koma.

Saboda haka tambayar farko ita ce: aikin nan zai dawo da gani ne, ko zai tsare wanda ya rage, ko zai kawar da zafi?

Haɗarin da ya kamata a sani

Aikin yanar ido yana cikin ayyukan likita da sunka fi yin nasara. Duk da haka babu aikin da ba shi da haɗari. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa ma'auni: cikin idanu 100 da anka yi wa aikin yana, aƙalla 80 su gani da kyau, waɗanda ganinsu bai yi kyau ba sam kada su kai 5. Wannan ma'auni yana nuna cewa ko a asibiti mai kyau akwai ƴan kaɗan da ba sa samun abin da sunka yi fata.

Ga abubuwan da kan faru:

Ƙwayoyin cuta su shiga cikin ido. Wannan shi ne mafi muni, yana iya kashe ido. A inda ake kiyaye tsabta, yakan sami wajen mutum 1 cikin 1000, ko ƙasa da haka.

Siririyar jakar da ke riƙe da madubi ta yage lokacin aiki. Sai aikin ya daɗe, wani lokaci a kasa sa madubin roba a ranar.

Ido ya kumbura, ko matsinsa ya hau na kwanaki.

Bayan watanni ko shekaru hazo ya dawo, domin jakar nan ta dushe. Ana buɗe ta da hasken leza cikin ƴan mintoci, ba yanka.

Mutum ya bukaci tabarau, musamman don karatu ko ɗinki ko tsintar hatsi.

Faɗin haɗari ba tsoratarwa ba ne. Wanda ya san alamun matsala shi ke saurin komawa asibiti, a ceci idonsa. Mai ido ɗaya tak ya gaya wa likita damuwarsa a fili, ya nemi a yi masa bayani fiye da na kowa.

Akwai aiki ɗaya da ba a komawa baya a cikinsa, wato cire ido. Ana yin sa in ido ya fashe ba gyara, ko ya ruɓe, ko akwai ciwon daji a ciki, ko ya mutu yana ba da azaba. Ba a yin sa sai an faɗa wa mai idon ƙarara cewa cirewa za a yi, da dalilin, ya kuma yarda da wannan aiki da sunansa.

In ba a yi aikin ba fa?

Cikin bayanin da likita zai yi har da sauran hanyoyi, da abin da jira zai jawo.

Yanar ido ta tsufa, galibi tana iya jira. Manomin da ke gani daidai gwargwado yana iya neman a ba shi rana bayan kaka, sa'ad da ya tattara amfanin gona. Amma ba dole ba ne a jira sai ta rufe ido ruf. In ta wuce kima, takan jawo matsi da zafi, aikin kuma ya ƙara wuya.

Hawan jinin ido ba ya jira. Wanda bai zaɓi aiki ba, sai ya riƙe maganin ɗigawa kowace rana har iyakar rayuwa. Ya yi lissafi da kyau: maganin yana samuwa a kusa? Zai iya sayensa kowane wata?

Ga amadari, in gashin da ya juya kaɗan ne, ana iya tsige shi da ɗan matsefi mai tsabta. Amma yana sake fitowa, sai an yi ta tsigewa.

Akwai kuma masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yana da tsinke ko allura. Suna tura madubin da ya yi fari ya faɗa cikin ido, ba su sa komai a madadinsa ba. Mutum ya ga haske a ranar, ya biya kuɗi ko akuya, mai aikin ya wuce gari na gaba. Bayan kwanaki sai kumburi da zafi. A babban binciken makanta da anka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, cikin idanu 10 da anka kwantar wa yana ta wannan hanya, fiye da 7 an same su a makance. Masu wannan sana'a ba sa faɗin haɗari, ba su kuma nan in matsala ta taso.

Wa ke ba da yarda?

Baligi mai hankali shi ke yarda da kansa, namiji ko mace. Makanta ba ta rage hankali, tsufa ma haka. Sau da yawa ɗa ne ke kawo tsohonsa, sai a yi ta magana da ɗan, tsoho yana zaune a gefe kamar kaya. Wannan kuskure ne. Da baba ko inna za a yi maganar. Ɗa ya taimaka, ya maimaita abin da kunne bai kama ba, amma jawabin ƙarshe daga bakin mai ido zai fito.

Shawara da iyali abu ne mai kyau, domin su ne za su yi jinya, su nemo kuɗi. Mace ta shawarci mai gidanta da ƴaƴanta. Amma idon nata ne. Ba a yi mata aiki in ba ta so, bai kuma dace a hana ta in tana so ba.

Yaro, uwa ko uba ko mai riƙonsa ke yarda a madadinsa. Yara sai an sa su barci kafin aiki, wannan ma yana da nasa haɗari da za a bayyana wa iyaye. Jaririn da anka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, a kai shi asibiti nan da nan. In an yi jinkiri, idon ba zai koyi gani ba. Wani lokaci ma farin nan alamar ciwon daji ce mai iya ɗauke rai. Yaron da ya yi wayo, a yi masa bayani daidai hankalinsa.

Mai taɓin hankali ko tsohon da ya ruɗe, danginsa na kusa ke tsaya masa, su duba abin da ya fi masa amfani. In kuwa an kawo mutum a sume bayan haɗari, babu kowa nasa, likita yana yin abin da zai ceci ransa ba tare da jira ba.

Takarda da harshe

Takardun asibiti galibi da Faransanci ake rubuta su. Wanda ba ya ji, ya nemi a fassara masa layi-layi. Mai yanar ido kuma ba ya ganin rubutu ko da ya iya karatu. Saboda haka ya zo da wanda ya amince da shi, ya zama shaida.

Kafin a dangwala yatsa a duba abu huɗu: sunan majinyaci daidai ne? Wane ido aka rubuta, dama ko hagu? Wane aiki aka rubuta? An sa kwanan wata? Kada a sa hannu bisa takardar da ba a cika ba. Ranar aiki ma, majinyaci ya sake faɗi da bakinsa wane ido ne.

Hanya mai kyau ta gwada ganewa ita ce majinyaci ya maimaita bayanin da kalmominsa. In ya iya faɗin abin da za a yi masa, da abin da yake fata, da abin da kan iya faruwa, to ya gane.

A wurin aikin kyauta jama'a sukan yi yawa, bayani yakan zama na taro ɗaya. Duk da haka kowa yana da ikon yin tasa tambaya shi kaɗai. Ya kuma san inda zai je in likitocin sun koma.

Tambayoyi goma

Matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyin da za a rubuta a je da su:

1. Mene ne sunan ciwon?
2. Wane ido za a yi wa aiki?
3. Gani zai dawo, ko tsare shi za a yi?
4. Wane haɗari ke akwai ga wannan ido, da ɗayan?
5. Me zai faru in an jira, ko an ƙi?
6. Akwai wata hanya ban da aiki?
7. Wa zai yi aikin? A farke ko cikin barci?
8. Nawa ne kuɗin duka, har da magani da tabarau da dawowa?
9. Yaushe za a koma gona, daka, shiƙa, girki da ɗiban ruwa? Yaya za a yi da alwala da sujada?
10. In matsala ta taso da dare, ina za a je?

Abin da ke wuyan majinyaci

Bayani ta gefe biyu yake tafiya. Majinyaci ya gaya wa likita gaskiya: in yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko tari mai tsanani, ko wani magani da jikinsa ba ya so. Ya nuna duk magungunan da yake sha. In ya taɓa sa maganin gargajiya a ido, ko an taɓa kwantar masa da yana, ya faɗa, kada ya ɓoye. Ya zo da karnensa na asibiti.

Wanda ya yarda da aiki ya yarda ke nan da abin da ke biye da shi. Ana ɗiga magani wajen mako 4 zuwa 6 bayan aikin yana. A wanke hannu da sabulu kafin a ɗiga. Kada a murza ido, kada a sa kwalli, a kiyaye ƙura da hayaƙi. A cika randebu ko da ido yana lafiya. Mai aikin amadari ya koma washegari, ya koma bayan kwana 7 zuwa 14, ya sake komawa bayan wata 3 zuwa 6.

In an ji zafi mai tsanani, ko gani ya ragu bayan ya buɗe, ko ido ya yi ja ƙwarai yana fitar da mugunya, a koma asibiti a ranar. Kada a jira ranar kasuwa.

Wanda ya ce a'a

Mutum yana da ikon cewa a ba shi lokaci ya yi tunani. Yana da ikon jin ra'ayin wani likita. Yana da ikon ƙi, yana kuma da ikon janye yardarsa ko da ya riga ya sa hannu, muddin ba a fara aikin ba. Ƙin aiki ba ya rufe masa ƙofar asibiti. Likita ya gaya masa abin da ƙin zai jawo, ya ci gaba da duba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a ƙi bisa sani. Kada jita-jitar bakin kasuwa ta hana mutum ganin jikokinsa.

Aikin masu karatu

A nan waɗanda sunka shiga ajin yaƙi da jahilci suke da babban amfani ga garinsu. Su karanta wa dattawa wannan bayani a dandali da cikin gidaje. Su rubuta tambayoyin nan goma a takarda. Su raka iyayensu da maƙwabtansu asibiti, su rubuta amsar likita, da lokacin ɗiga magani, da ranar komawa. Su kuma tuna cewa su masu rakiya ne. Mai ido shi zai ce i ko a'a.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare ganin jama'a.